Saƙon murya da ranar dawowar Almasihu

A tsakiyar watan Satumba na 2025, wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ƙanwar mahaifiyata ta tare ni a ƙofar majami'armu a nan Yamai. Inna muke ce mata. Ta kwance bakin zane ta fiddo salula mai tsagaggen gilashi ta miƙo mini. "Ɗana, kai da ka yi lakkol, saurara mini wannan." Saƙon murya ne na WhatsApp, minti bakwai, wanda aka jefo cikin rukunin zumuntar mata. Wani namiji ne ke magana da Hausa mai daɗi, muryarsa na rawa kamar mai shirin kuka, ana kaɗa molo a hankali a bayansa. Wai an nuna wa wani bawan Allah a Afirka ta Kudu cewa ranar 23 ko 24 ga wata za a yi fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, kuma duk wanda ya ji bai tura wa mutum goma ba, alhakinsu yana wuyansa.

Na ce, "To Inna, me kuke so in ce?" Ta ce ita gardamar malamai ba ta dame ta ba. Ƙarshen wata za ta ɗauki adashi, jika sittin, kuma ta yi niyyar biya wa jikokinta biyu kuɗin lakkol da littattafai kafin a koma a Oktoba. "In da gaske ne, ai gara in kai baiko in huta. In kuma ƙarya ce, kada yara su zauna gida."

Maganar ba a Yamai aka ƙirƙiro ta ba. Wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Joshua Mhlakela ne ya ce Yesu ya bayyana gare shi ya faɗa masa ranar. Hirar ta fita a YouTube, TikTok ya ɗauka ya watsa duniya, har wani ya juya ta Hausa ya ƙara mata gishiri ta iso wayar Inna. Ranakun sun dace da sabuwar shekarar Yahudawa, idin busa ƙaho, shi ya sa labarin ya yi kama da mai tushe. Ranar ta zo ta wuce, kasuwar Katako ta ci kamar kullum. Tambayar Inna kuwa ta zauna mini, don a nan ne koyarwar ƙarshen zamani ke taɓa talaka, a aljihunsa da gonarsa da karatun ɗansa.

Duk mai son sanin abin da Kiristoci suka gaskata game da ƙarshen duniya, daga Matiyu sura 24 zai fara, tare da Markus 13 da Luka 21. Almajirai suna nuna wa Yesu ginin Haikalin Urushalima, suna mamakin girman duwatsun, sai ya ce musu ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa. Da suka zauna a Dutsen Zaitun suka tambaye shi yaushe ke nan, kuma mece ce alamar zuwansa da ta ƙarewar zamani. Tambaya biyu suka ƙulla wuri guda, ta Haikali da ta ƙarshen duniya, kuma yawancin rikicin fassarar surar daga nan ya taso. Haikalin dai sojojin Roma ƙarƙashin Titus sun rushe shi a shekara ta 70, kusan shekara arba'in bayan wannan zama. Saboda haka malamai da yawa na ganin wasu ayoyin sun riga sun cika, kamar inda aka ce waɗanda ke Yahudiya su gudu kan duwatsu, wasu ayoyin kuma suna nan gaba.

Abin da ke tsayar da ni kullum shi ne kalmar farko da ta fito bakinsa. An tambaye shi lokaci, ya amsa da kashedi: ku lura kada kowa ya ruɗe ku. Sannan ya jero yaƙi da jita-jitar yaƙi, da yunwa, da girgizar ƙasa, ya ce kada hankalinku ya tashi, dole su faru, amma ƙarshen tukuna. Ya kira su mafarin naƙuda. Kowace ungozoma ta san ciwon mara na farko ba ya faɗa mata ƙarfe nawa jariri zai faɗo. Wata ta kwana biyu tana murƙususu, wata kafin a tafasa ruwa ta sauka. Jerin nan da masu saƙon murya ke karanta mana don su ce gobe ne, Yesu ya ba da shi ne don mu daina cewa gobe ne duk sa'ad da ƙasa ta motsa. A aya ta 36 ya rufe ƙofa: ranar da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uban. Bayan tashinsa almajirai suka sake gwada sa'arsu, a Ayyukan Manzanni 1:7, ya ce sanin lokatai ba nasu ba ne. Na taɓa jin wani mai wa'azi yana cewa rana da sa'a kawai aka ɓoye mana, ba a ɓoye wata da shekara ba. Wannan wayon yaro ne da aka hana shi sa hannu a tukunya, ya je ya ɗauko ludayi.

A cikin Matiyu 24 kuma ya ce annabawan ƙarya za su yi manyan alamu da al'ajibai, don haka mu'ujiza ita kaɗai ba hatimi ba ce. In an ce muku ga shi can a jeji, kada ku fita, in an ce yana ƙuryar ɗaki, kada ku yarda, domin zuwansa kamar walƙiya ne daga gabas zuwa yamma. Wanda ya taɓa ganin hadari ya taso daga gabas a watan Agusta ya san walƙiya ba ta bukatar mai shela.

Sai dai ba adalci ba ne a yi wa Inna dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ranar 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, hukumomi sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a Yamai, kwana ɗaya bayan an yi makamancin haka a Damagaram, kuma mutum goma suka rasu a garuruwan biyu. Daren nan Inna a ɗakin maƙwabciyarta Musulma ta kwana, sanye da hijabin aro. Daga nan sai korona, sai ambaliyar daminar 2020 da kogin Isa ya cika ya shiga gidajen hayin Harobanda. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Nijeriya ta yanke kuran, iyakar Benin ta rufe, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi, ana ta raɗe-raɗin za a kawo yaƙi. Ga ƴan bindiga a yankin Tilaberi suna koro mutanen ƙauye zuwa birni. Wanda ya ga wannan duka cikin shekara goma, in aka karanta masa yaƙi, yunwa, annoba, ji zai yi kamar labaran rediyon safe ake maimaita masa.

Ga shi kuma ba mu kaɗai ke jira ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu bayanin alamomin tashin ƙiyama, da Dujal, da Mahadi, da saukowar Annabi Isa, da Yajuju da Majuju. A kowace fada in an ɗora shayi, hira ta kai kan tsadar rayuwa, sai ka ji wani ya ce duniya ta zo ƙarshe, kowa ya gyaɗa kai. Yaron Kirista na tasowa da labarai biyu a kunne, har yakan kira magabcin Almasihu Dujal, bai san inda wannan ya tsaya wancan ya soma ba.

Abin da muke mantawa shi ne kakanninmu sun ga abin da ya fi haka. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta share garuruwa a ƙasar Hausa, a daidai lokacin da yaƙin duniya na farko ya ɓarke. An yi shekarar fara a 1931, an yi farin 1973, an yi yunwar El Buhari a 1984. Da akwai salula a wancan zamani, da saƙon murya ya zaga Adar da Gobir sau ba adadi.

To mene ne koyarwar kanta? Akwai ɓangaren da ba a gardama a kansa. Tun ƙa'idar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka kammala a 381, Kiristoci na furta cewa Almasihu zai sake dawowa ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Ɗan Katolika da ke zuwa babbar majami'ar Yamai, da ɗan EERN, ikilisiyar ƴan bishara ta Nijar, da ɗan Baftis, da mai addu'a cikin harsuna, duk sun yarda da dawowa a bayyane, da tashin matattu, da shari'a, da sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Inda ake rabuwa shi ne jerin abubuwan, me zai riga me.

Mulkin shekara dubu, alal misali, a Wahayin Yahaya sura 20 kaɗai aka ambace shi da wannan adadi. Wasu sun ce Yesu zai dawo tukuna sannan ya yi mulkin shekara dubu a nan duniya. Wasu sun ce bishara za ta yi nasara ta kawo dogon zamanin salama, daga baya ya dawo. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, wanda ya yi bishop a Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau, ya rasu a 430, shi ya ɗauki shekara dubun a matsayin kwatancin dukan zamanin ikilisiya. Katolika da yawancin tsofaffin ikilisiyoyin Furotesta a kan hanyarsa suke. Ita kuwa fyaucewa, tushenta 1 Tasalonikawa 4:16-17 ne, inda Bulus ke ta'azantar da masu makoki cewa matattunsu ba za su yi asarar ranar ba. Amma tsarin da ya raba dawowar gida biyu, fyaucewa a ɓoye da farko, sai ƙuncin shekara bakwai, sai bayyana a fili, John Nelson Darby ne ya shimfiɗa shi a shekarun 1830, Littafi Mai Tsarki mai bayanin ƙasan shafi da Scofield ya fitar a 1909 ya yaɗa shi a Amurka. Yawancin mu ƴan bishara a nan da wannan aka yaye mu, don mishan ɗin SIM, wadda ta fara aiki a Damagaram a 1924 ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ma'aikatanta da dama daga can suka fito.

Ina yaro a ƙauyenmu na yankin Tawa, akwai wani dogon zane a bangon ɗakin makarantar Lahadi. An zana giciye a tsakiya, kibiya ta hau sama, akwati mai lamba 7, akwati mai lamba 1000, sai tafkin wuta ja a can ƙarshe, wanda gara ta fara ci daga gefe. Sai da na girma na gane cewa zanen fassarar mutane ce, kuma akwai masu bi na ƙwarai da suka karanta ayoyin nan suka fito da wani zane dabam. Ban ce a yage shi ba. Na ce dai a riƙa faɗa wa yara wanne ne aya, wanne ne zane. Mutumin da bai san akwai saɓani na gaskiya tsakanin malamai ba, shi mayaudari ya fi saurin kamawa, don ya saba da cewa duk mai magana da tabbaci gaskiya yake faɗa.

Sai lambar nan 666 da ta hana mutane barci. Na ji an liƙa ta a layukan da ke bayan kwalin kaya, an liƙa ta a katin banki, a allurar korona, yanzu kuma a duk wani katin shaida da ake ɗaukar zanen yatsa. Wahayi 13:18 cewa ya yi lambar mutum ce, mai hankali ya lissafa. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, don malamanmu na zaure sun daɗe suna hisabi da haruffan abajada, kuma marubuta waƙoƙin ajami kan ɓoye shekarar da suka yi waƙa cikin ramzi. Helenanci da Ibrananci ma haka suke, kowane harafi da adadinsa. In aka rubuta Neron Kaisar da haruffan Ibrananci aka tara, 666 ke fitowa. In aka cire "n" ta ƙarshe yadda Romawa ke furta sunan, sai ya koma 616, kuma akwai tsofaffin kwafin littafin da ke ɗauke da 616 ɗin. Nero shi ne sarkin Roma da ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar birnin a shekara ta 64 ya karkashe su. Masana da yawa a kan wannan bayani suke, wasu kuma na ganin akwai cikar da ke gaba. Ireniyus, bishop na Liyon, wajen shekara ta 180, ya riga ya lura cewa sunaye da yawa na iya ba da wannan jimla, ya ce jira ya fi cinta lafiya.

Ko wace fassara mutum ya bi, abu guda a fili yake cikin nassin. Alamar dabbar tafe take da yi wa dabbar sujada, kishiyar hatimin Allah ce da ke goshin bayinsa a sura 7 da 14. Magana ce ta wa kake yi wa biyayya sa'ad da biyayyar za ta ci maka kasuwa ko rai. Ba a ɗura wa mutum ridda da sirinji yana kallon wani gefe. Kalmar magabcin Almasihu ma ba ta cikin Wahayi sam. A wasiƙun Yahaya take, kuma a can cewa ya yi tun a zamaninsa sun riga sun yi yawa.

Masu sa rana kuwa, tarihinsu dogo ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. William Miller, manomi a jihar New York, ya mai da kwana 2,300 na Daniyel 8:14 shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoban 1844, wasu har suka bar amfanin gona a tsaye ba girbi. A Koriya ta Kudu, Lee Jang-rim ya sa 28 ga Oktoban 1992. Kotu ta ɗaure shi kan zamba, kuma an same shi da takardun jarin da sai a 1993 za su nuna, bayan ranar da ya ce duniya za ta tashi. Harold Camping, mai gidan rediyo a Kaliforniya, ya ce 1994, ya koma 21 ga Mayun 2011, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. Shi dai ya fito a 2012 ya amsa cewa ya yi zunubi, amma kuɗin waɗanda suka zuba ajiyarsu a allunan talla bai dawo ba.

Waɗannan asarar dukiya ce, akwai kuma ta rayuka. A Kanungu ta Yuganda, wata ƙungiya ta ce duniya za ta ƙare da ƙarewar 1999, mabiya suka sayar da abin hannunsu suka miƙa wa shugabanni. Ranar 17 ga Maris na 2000 aka cinna wa majami'ar wuta da mutane a ciki, daga baya aka yi ta tono gawarwaki a gidajen ƙungiyar, jimla fiye da 700. A 2023 aka gano kaburbura a dajin Shakahola kusa da Malindi a Kenya, gawa fiye da 400, da yawansu yara. Ana tuhumar Paul Mackenzie da sa mabiyansa azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, zargin da ya musanta a kotu. Kafin a kai ga daji, wa'azinsa shi ne makaranta da asibiti na Shaiɗan ne, katin shaidar ƙasa kuma alamar dabba ce. A hankali ake tafiya da mutum. Yau a raba shi da lakkol, gobe da likita, jibi da danginsa da ke masa faɗa, har ya zama ba muryar da yake ji sai guda.

Ikilisiyar Tasalonika ta sha irin wannan tun Bulus na raye. A wasiƙarsa ta biyu, sura 2, ya roƙe su kada su firgita ta dalilin wani ruhu, ko magana, ko wasiƙar da aka ce daga wurinsa ta fito, wai ranar Ubangiji ta riga ta zo. Ashe saƙon jabu da sunan babban malami ya girmi WhatsApp da kusan shekara dubu biyu. Shi ya sa a ƙarshen wasiƙar ya ce ga gaisuwa da hannunsa, ita ce shaidar kowace wasiƙa tasa. A sura 3 kuma ya juyo kan waɗanda suka ajiye sana'a suna yawon gidajen mutane, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Yesu ma da ya gama maganar alamu bai ce a hau tudu a zuba wa sama ido ba. Bawan da ya yaba shi ne wanda maigida ya dawo ya tarar yana raba wa mutanen gida abinci a kan lokaci. Sura 25 ta Matiyu kuma ta ƙare da tambayar wa ya ciyar da mai yunwa, wa ya sauki baƙo, wa ya duba marar lafiya da ɗan kurkuku.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu sauraro muna son a ce mana mun san wani sirri da sauran jama'a ba su sani ba, kuma tsoro ya fi nazarin Littafi na yammacin Laraba saurin cika benci. Ma'aunin kuwa tsoho ne. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce in annabi ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Ba ta ce a ba shi dama ya gyara lissafi ba. Mutanen Biriya, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka kullum sai sun koma sun duba Nassi, kuma yabon su aka yi. Amma a wasu majami'unmu, matashi ya ɗaga hannu ya ce "Baba Fasto, a wace aya take?", sai a ce ba shi da ladabi. Akwai kuma rami a ɗaya gefen, na wanda ya gaji da ranakun ƙarya har ya daina sa rai da dawowar gaba ɗaya. Wasiƙar Bitrus ta biyu ta san da masu ba'a irin wannan, ta ce jinkirin haƙuri ne don mutane su tuba.

Ranar nan a ƙofar majami'a ban yi wa Inna wannan dogon bayani ba, rana ta take. Na buɗe mata Matiyu 24:36 ta karanta da kanta, tana bin layi da yatsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To shi wannan ya fi mala'iku ke nan?" Ta ɗauki adashinta ta biya wa yaran, har ta rage na rabin buhun hatsi. A farkon Oktoba wani saƙon ya sake shigowa rukunin, da muryar nan da molon nan, wai kalanda aka kuskure, ranar ta koma gaba da mako biyu. Ta kira jikanta da ya dawo lakkol ta ce ya goge mata shi, wayar ta cika, hotunan bikin sunan da aka turo daga Tawa sun ƙi buɗewa.